Yadda Na Zama Kofi Na Rabin Yini a Kumasi

Tun ranar da mota ta sauke ni a Dutsin-Ma ban ƙara cin tuwo da zafinsa ba. Da na kai loma baki sai wani ya yi sallama: "Rabe, wai da gaske ne a Gana mata ke mulkin kasuwa?" In amsa, in sake yanko loma, sai ga wani: "Wai har suna ka canza?" Abokina Sada ya ji labarin sau bakwai, kuma duk ranar da ya je Birchi sai ya ƙara mashi gishiri, har an kai ga cewa wai na auri 'yar wani basarake a can na sake ta don ba ta iya dama fura ba. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na ce bari in zuba komai a ciki, wanda ya iya boko ya karanta ma wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in ci abinci. Gishirin da ni na ƙara kaɗan ne, kuma za ku gane wuraren.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Rabe na Kurfi. Da na gama elementare sai na tare gidan Gwaggo a Dutsin-Ma da sunan taya ta aiki, alhali kullum ina rumfar Sande Mai Keke. Sande mutumin Ibo ne, Kirista, ya zo garin tun ban iya tafiya ba, kuma in yana zagin yaro da Katsinanci ba ka ce a kudu aka haife shi ba. Shekara guda na yi ina hura mashi taya kafin ya yarda in taɓa wili, na ƙara wata shekarar ina koyon wilin. Baba bai taɓa son abin ba. Cewa yake, "Gyaran keke aikin baƙi ne. Ibo ya gyara keke, Bayarabe ya sayar da kwano, Bakatsine ya yi noma. Ka taɓa ganin ɗan gari da baƙin mai a hannu?"

Da aka gama girbi, Kawu Iro ƙanen Inna ya fara shirin cin rani. Shi duk shekara Kumasi yake zuwa aikin goro. Na matsa sai na bi shi, na yi kwana uku ina bin Baba daga masallaci zuwa rumbu, har ya gaji ya ce, "Tau, ka tafi. In ka dawo da shaidar cewa wani mai hankali a can ya ɗauke ka aikin keke, zan bar ka ka kafa rumfa. In kau dako ka yi kamar kowa, ka dawo ka ɗauki hauya, kada in ƙara jin kalmar keke a gidan nan."

Da ni mai hankali ne da na yi shiru. Amma ranar kasuwar Kurfi na hau kan turmi a gaban samari na rantse cewa kan nan nawa ba zai ga gammo ba har in dawo. Mutum ashirin suka shaida, ban da jakuna.

Daga Katsina muka shiga mota mai bodin katako zuwa Jibiya. Ni na zata iyaka katanga ce mai ƙofa da dogarai. Ashe gora ce guda aka gitta a kan hanya, an ɗaura mata dutse a gindi. Bayan gorar kuma ƙasar Faranshi ce, da gero irin namu da awaki irin namu. Aka sauke mu aka ce duk wanda ba shi da katin lamba ya shiga layi. Tun daga Katsina Kawu ke yi mani huɗuba cewa namiji ba ya motsi in ana yi mashi lamba. Da ya laluba aljihu sai ya tarar ya bar katinsa a Kurfi cikin wata riga. Ni aka karce mani dantse ban ma ji ba. Shi kuwa Kawu, da malamin asibiti ya kama hannunsa, ya rufe ido ya ɗauko wata addu'a da ko a jana'iza ban taɓa jin mai tsawonta ba. An gama, an yi ma mutum huɗu bayansa, yana nan tsaye da hannu a miƙe yana karatu.

Muna tashi daga nan direba ya bar hannun hagu ya koma dama, ga wata mota ta taso daga gaba. Na miƙe na fara dukan bodi ina cewa direba ya haukace. Wata tsohuwa mai kwandon zabi ta ja ni ƙasa ta wuyan riga ta ce, "Zamna, ɗan Ingilishi. Nan haka aka yi." Sunan da aka kira ni ke nan har Maraɗi.

Mutanen Maraɗi Hausarsu tamu ce, sai dai sun barbaɗa mata Faransanci kamar yaji. Burodinsu ne abin kallo: dogo kamar sandar makiyayi, kuma taurinsa ɗaya da ita. Na sayi guda na yi kwana uku ina cinsa. A hanyar Yamai wani rago da aka ɗaure kusa da ni ya kama hulata yana tauna, da burodin na buge shi ya saki, burodin ko gezau. A Yamai muka kwana biyu a tasha cikin Zabarmawa, su ma duk Gana suka nufa, kowa da tabarma da buta. Daga nan aka haye kogi da mu da motarmu a jirgin fito, muka ratsa ƙasar Gurma a kan buhunan albasa, har na kai in na yi gumi mutane hawaye suke. Da muka shiga Gana direba ya sake komawa hagu. Wannan karon sai dai na duba ko akwai wani baƙauye da zan ja ma riga.

Bayan Tamale akwai wani babban kogi inda motoci ke yin layi suna jiran jirgin fito, wani lokaci yini guda. Muna zaune a inuwar mota sai ga wani saurayi siriri mai tabarau, da farar riga da littafi a hannu, yana bin matafiya ɗaya bayan ɗaya yana tambaya yana rubutawa. Kawu ya taɓa ni ya ce, "Duk inda ka ga mai littafi, haraji na bayansa. In ya zo, kai kurma ne." Shi kuma ya kwanta ya fara minshari da goro a baki.

Mutumin ya zo ya tsuguna ya gaishe ni da Hausa, irin Hausar Gana mai santsi. Ya ce sunansa Kwasi, ɗalibin jami'a ne daga Ankara, kusa da zango ya tashi shi ya sa ya iya Hausa. Ya ce ba haraji yake karɓa ba, bincike yake a kan baƙin da ke shigowa neman aiki: daga ina suke, me suka iya, wane aiki suke samu. Ni kuwa kurumta ba ta cikin abin da na iya.

"Daga ina?"

"Kurfi. Ta fi Kumasi girma, sai dai ba mu son faɗa."

Ya rubuta. "Sana'ar mahaifinka?"

"Raƙuma. In suka tashi shan ruwa, na gaba na rijiya, na baya bai fito gari ba."

Ya rubuta wannan ma, ko murmushi bai yi ba. Sannan ya kama hannuna ya juya shi ya dubi farcen. "Ɗan mai raƙuma da baƙin mai a farce?"

Sai kunya ta kama ni na faɗa mashi gaskiya, har da sharaɗin Baba. Ya ce, "To wa zai samo maka aikin a Kumasi?"

Na ce, "Hannuna."

Ya ce tun safe duk wanda ya tambaya cewa yake yayana, ko maigidana, ko ɗan garinmu. "Kai kaɗai ka ce hannunka. Zan zo Kumasi nan ba da daɗewa ba, ina so in ji yadda hannun ya yi." Yana wucewa Kawu ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ka kashe mu."

Kumasi itatuwanta in ka ɗaga kai ka ga ƙarshensu sai hula ta faɗi, kuma ana ruwan sama a lokacin da mu a gida ko raɓa babu. Muka sauka a zango, unguwar baƙi, gidan Alhaji Sallau. Shi ne maigidan Katsinawa: ya ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya samo maka aiki, in ka yi laifi shi za a kira. Ranar farko aka kawo sakwara da miya. Na sa hannu na tsamo wani nama baƙi mai taushi, na ci biyu ina yabawa, sannan wani yaro ya nuna mani ƙwaryarsa. Dodon koɗi ne, kowane kamar dunƙulen hannu. Alhaji ya ce ba a gidansa aka dafa ba, maƙwabciya ce ta aiko don marabtar baƙo. Na yi kwana biyu ina jin kamar wani abu na tafiya a hankali cikin cikina.

Maganar mata da kasuwa gaskiya ce. Kowane layi da sarauniyarsa, ta doya daban, ta tumatir daban, in ta ɗaga yatsa ƙato mai gemu sai ya ajiye kaya. Amma al'adar da ta fi burge ni ita ce ta gado. Wurin Asante, wato 'yan ƙasar, in mutum ya mutu ba ɗansa ke gadonsa ba, ɗan 'yar'uwarsa ne. Da na ji haka sai na fara kula da Kawu sosai. In ya yi tari in ce, "Sannu Kawu, agogon nan naka dai yana aiki ko?" Ya ce in na ƙara sai ya mayar da ni Kurfi cikin huhun goro.

Kwana na uku Alhaji ya kira ni zaure ya tambayi abin da na zo yi. Na ce gyaran keke. Dattawan da ke zaune suka dubi juna, ɗaya har ya ƙware da goro.

Alhaji ya ce, "Yaro, bari in gaya maka yadda garin nan yake. Mosi na gonar koko. Zabarmawa na dako. Yarbawa na tireda. Mu Hausawa goro, fawa da gadi. Injin da ƙarfe da duk abin da ke da sufana na 'yan ƙasa ne. Haka na tarar."

Na ce, "Alhaji, a garinmu ma haka ake cewa, sai dai can baƙo ne ke da keke."

Ya ce, "To ka makara, nan kai ne baƙon kuma an riga an raba."

Ban ji ba. Washegari na sa rigata mai aska biyu da hula, na nufi layin masu keke bayan babbar kasuwa. A rumfa ta farko mai wurin ya dubi hulata ya nuna mani wasu akwatuna, yana zaton ɗan dako ne ya zo. Ta biyu aka ce in dawo bayan Kirsimeti, ba a dai faɗi ta wace shekara ba. Ta uku ita ce mafi girma, ta wani ƙaton mutum mai sanƙo da ake kira Masta Yaw, da yara shida a ƙarƙashinsa. Yana jin Hausar kasuwa. Na ce mashi shekara biyu na yi ina aikin keke, ya gwada ni ya gani. Bai ko ɗago daga sarƙar da yake wankewa ba ya ce, "Ba aiki. Amma ina neman mai gadi. Kana da sanda?"

Mako biyu ina zagaye. Babu wanda ya ce ban iya ba, don babu wanda ya bari na taɓa ko famfo. Ranar wata Alhamis Alhaji ya ce mani cikin lalama shi ba ya ciyar da mai zaman banza: ranar Litinin ko in bi Kawu ɗaukar huhun goro zuwa tasha, ko in koma gida. Kawu har ya naɗa mani gammo da tsohon zane ya ajiye a kan tabarmata. Na dube shi na tuna mutum ashirin da jakuna.

Ranar Asabar ina zaune bakin kwata a layin masu keke, ina kallon wani yaro yana ɓata birki, sai na ji an ce, "Ɗan mai raƙuma." Kwasi ne a kan wani baƙin keke na yayansa, littafin na ɗaure a baya. Na ba shi labari duka. Maimakon ya tausaya mani sai na ga idonsa na ƙyalli kamar wanda ya tsinci abu.

Ya ce ya zagaya masu rumfunan nan duka ya tambaye su, kowa ya ce shi ba ruwansa da ƙabila, wanda ya iya aiki shi yake ɗauka. "Abin da nake so in sani shi ne, baƙo na ƙarewa a dako don bai iya komai ba, ko don ba a bari ya nuna? In na tambaya da baki ba zan taɓa sani ba. Amma in mutum ɗaya ya je sau biyu, hannu ɗaya, magana ɗaya, riga kawai ta canza..." Ya tsaya ya dube ni daga hula har takalmi.

Muka je ɗakinsa. Ya ba ni gajeren wando da riga mai maɓalli da takalmin roba. Tunda na girma gwiwata ba ta taɓa ganin kasuwa ba sai ranar. Saura matsala biyu: ba na jin yarensu, kuma ga tsagar Katsinawa a kumatuna. Kwasi ya ɗauko ƙyalle ya ɗaure mani haɓa har saman kai, ya ce daga yanzu ni Kofi ne, ƙanensa daga ƙauye, mai ciwon haƙori. "Ko me aka ce maka, ka ce mmm."

Muka isa rumfar Masta Yaw. Kwasi ya jingine kekensa a bakin hanya, ya yi magana da yarensu. Daga baya ya gaya mani kalmomina ya maimaita daidai: shekara biyu yana aikin keke, a gwada shi a gani. Masta Yaw ya ajiye abin da ke hannunsa. Mutumin da bai ɗago ya dube ni ba mako biyu da suka wuce, shi ne ya jawo mani benci da ƙafa, ya dafa kafaɗata, ya tambayi haƙorin. Na ce mmm. Ya ba da labarin wani ganye da ake tafasawa. Na ce mmm. Sannan ya faɗi wata magana, Kwasi ya sunkuyo ya raɗa mani, "Ya ce ka fara ranar Litinin."

To nan ne tarbiyyar Inna ta kashe ni. Babba ya yi mani alheri, jikina bai jira shawarata ba. Kafin in san abin da nake, na tuɓe takalman, na durƙusa har ƙasa, na dunƙule hannu na ɗaga na ce, "Ranka shi daɗe, Allah shi ƙara girma."

Yaran shida suka fashe da dariya, ɗaya ya faɗa cikin baho na ruwan faci. Masta Yaw ya sa yatsa ya zare ƙyallen, ya dubi kumatuna ya ce, "Mai gadi."

Kwasi ya cire tabarau yana gogewa. Ni kuma, tunda asiri ya tonu, sai na ji sanyi a raina, don dama tun a hanya abin na damuna: ko na samu aikin, wace shaida zan kai ma Baba da sunan Kofi? Na miƙe na ce, "Sunana Rabe. Hannun da ka ɗauka yanzu shi ne wanda ka kora."

Bai yi fushi sosai ba, ya dai ji haushin Kwasi. Ya ce da Hausa don in ji, "Mutanenku suna zuwa bayan girbi, hadari na tasowa sun gudu. In koya ma yaro aiki wata biyar ya tafi? Kuma shekara ashirin ina layin nan, ban taɓa ganin Bahaushe da sufana ba." Kwasi, ko a wannan halin, ya zaro fensir yana rubutawa a tafin hannu.

Na ce, "Ni ba koyo na zo ba."

Ya ce, "Kowa haka yake cewa. Ku tafi."

Muna juyawa muka ji ƙara. Wata motar gungume ce ke ja da baya, ta taka wilin gaban keken Kwasi. Da aka ciro shi ya lanƙwashe kamar ƙosan da aka zauna a kai. Kwasi ya riƙe kai, don keken na yayansa ne, kuma da shi mutumin ke zuwa aiki. Masta Yaw ya juya wilin ya ce sai dai sabo, sabo kuma babu shi a Kumasi duka, watanni ke nan jirgin ruwa bai kawo kayan keke ba. Ya nuna bayan rumfa. Na leƙa na ga tulin lanƙwasassun wili ya kai tsayina, duk na mutane ne da ke jiran jirgi.

Dariya ta kusa kama ni. A Dutsin-Ma wa ke jiran jirgi? In wili ya lanƙwashe a hanyar Tamawa, ko ka miƙe shi ko ka sayi jaki.

Ban nemi izini ba. Na cire tayar, na sassauta wayoyin wilin duka da ɗan makullin ɗaurin waya da ke rataye a wuyana. Na roƙi wata mai sakwara aron turminta, na ɗora wilin a bakinsa, na hau da ƙafa biyu ina danna inda ya kumbura, ina juyawa ina dannawa, da gajeren wandon nan, jama'a na taruwa. Wayoyi uku sun karye, na ciro wasu daga tulin bayan rumfa. Na kife keken, na mayar da wilin, na samo guntun gawayi na riƙe dab da bakin ƙarfen ina juyawa. Duk inda gawayi ya taɓa, nan ne ya karkace, sai in ɗaure wayar ɗaya gefen kaɗan, in sassauta ta wannan kaɗan. Da ya kusa daidai sai na ajiye gawayin na koma abin da Sande ya fi duka na a kai. Shi ba ya yarda da ido. Sai ka kaɗa kowace waya da farce ka saurara, mai sako-sako muryarta ƙasa, mai tsauri muryarta sama, sai duk sun yi murya ɗaya. Na kafa kunne ina kaɗawa kamar mai gurmi. Wata mai lemo ta fara rawa.

Na juya wilin na ƙarshe, na matso da gawayin. Ya yi ta juyawa bai taɓa ba.

Masta Yaw ya ture ni ya tsuguna. Ya juya da kansa, ya rufe ido ɗaya. Ya kaɗa waya biyu da ƙaton farcensa. Sannan ya hau keken, shi da nauyinsa kamar buhu uku, ya je ƙarshen layi ya dawo ya saki hannu. Ya sauka, ya dubi tulin bayan rumfa, ya dube ni.

"Wa ya koya maka?"

"Wani Ibo a garinmu."

"Ibo a garin Hausa ya koya ma Bahaushe, ya zo ya gyara keken Asante." Ya shafa sanƙo. "Litinin. Ka zo da hularka, wandon nan bai karɓe ka ba."

Kwasi ya zauna a kan bencin ya cika shafi uku. Na ce ya rubuta sunana da manyan baƙaƙe, ya ce a irin aikinsu ba a sa sunan mutum. Na ce to ya sa raƙuman.

Da na koma zango na faɗa, Alhaji bai yarda ba sai da ya aiko yaro ranar Litinin ya leƙo. Kawu ya kwance gammon ya ce dama zanen yake shanyawa. Wata huɗu na yi a rumfar, na cinye tulin nan har ƙasa, na koya ma yara biyu kaɗa waya, ni kuma na koyi walda da zagi kala tara da yarensu. In lokacin salla ya yi Masta da kansa ke cewa, "Rabe, je ka gai da Allah ka dawo."

Abin da ya biyo baya ne ban zata ba. Labari ya bazu a layin cewa Hausawa sun iya wili. Mai rumfar farko, wanda ya nuna mani akwatuna, ya tare wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ke wucewa da tiren tsire, don kawai hularsa irin tawa ce, ya zaunar da shi ya miƙa mashi wili. Mutumin bai taɓa hawa keke ba. Ya zo wurina a ɓoye yana roƙon in nuna mashi ta ina ake farawa. Na nuna mashi, kuma da na taho yana nan yana aiki. Da na ba Kwasi labari ya yi dariya har tabarau ya faɗi, sannan ya ce wannan ma sai ya shiga littafi, don abu ɗaya ne aka juya: da hula ta hana, yanzu hula ta bayar, hannun dai har yau ba a duba ba.

Da aka fara maganar damina a gida na yi sallama. Masta ya ce, "Ka gani? Hadari ya taso ka gudu." Na ce ai na bar mashi biyu masu kunne. Ya yi tsaki, ya sa aka buga mani takarda da keken rubutu, ya danna hatiminsa, ya ce in na ga dama in dawo da rani, benci na nan.

Na biya ta Dutsin-Ma Sande ya karanta takardar da ƙarfi a gaban rumfa sau biyu, ya ce ashe kunnen nan da ya yi ta ja bai tafi a banza ba. A Kurfi na miƙa ma Baba a zaure. Ba ya karanta boko, balle Turanci. Ya juya ta, ya shafa hatimin da yatsa, ya sa malamin makaranta ya fassara mashi, ya ninke ya sa a aljihu. Ya tambayi lafiyar Kawu, ya tambayi farashin goro, ya tashi ya shiga gida. Na ce shi ke nan, hauya ta kira.

Da safe na fito sai na tarar da shi a ƙofar gida da gatari, ga itacen rumfa guda shida an sassaƙe, ga damin kara biyu a jingine. Bai dube ni ba ya ce, "Kai da ka ga duniya, ina ake fuskantar da ita, gabas ko bakin hanya?"

Na ce, "Bakin hanya, Baba."

Ya ce, "Tau ɗauko diga. Kuma wilin amalanken liman ya karkace, na ce mashi ya kawo bayan azahar."